Ofishin lauyar da ta rarrabe mana takardun neman biya uku na gidan burodinmu

Ni ce ke riƙe da lissafin gidan burodin da mahaifinmu ya bar mana a Tudun Wada. Yaya ne ke kula da tanda da ma'aikata da masu raba burodi a babur, ni kuma duk takardar da za a fitar da kuɗi a kanta sai ta biyo ta teburina: ta dilan fulawa, ta mai sukari, ta mai itace, ta mai gyaran injin kwaɓi. Abin da zan rubuta a kai shi ne ofishin wata lauya da ke wani bene kusa da titin Ali Akilu a nan Kaduna, inda muka je bayan mun gano an taɓa wasu daga cikin takardun nan. Ba zan faɗi sunanta ba, don maganar ba ta ƙare ba kuma akwai ɗan mutane a ciki. Sai dai na san 'yan kasuwa da yawa na ganin biyan lauya don a zauna a yi magana kawai ɓarnar kuɗi ce, ba sa nemansa sai an kai su kotu. Shi ya sa nake son in faɗi abin da naira 30,000 ta saya mana a ofishin nan.

Takardu uku muka riƙa. Ta farko ta dilan fulawarmu ce na Kasuwar Gumi, wadda yake aikowa tare da kaya. An rubuta buhu 48 kuma mun biya kuɗin 48, amma littafin sito ya nuna 40 ne suka shigo. Da na ɗaga takardar a haske sai na ga sifili ne aka yi wa ɗamara da biro ya koma takwas, aka kuma gyara jimillar kuɗin da ke ƙasa. Ta biyu hoto ce da akawunmu ya turo min ta WhatsApp: wasiƙa mai ɗauke da sunan kamfanin da ke ba mu sukari, da hatimi da sa hannu, tana cewa sun canza asusu, a tura bashin naira 1,200,000 da suke bin mu zuwa sabuwar lamba. Wannan ban biya ba. Na kira mai kamfanin, ya rantse bai san da ita ba, asusunsa yana nan yadda yake. Ta uku ta mai kawo mana itace ce, da rubutunsa da sa hannunsa, ba gyara ko ɗaya a jikinta, yana neman kuɗin lodi goma alhali mai gadi ya ƙirga bakwai.

A wurina da Yaya duk ukun abu ɗaya ne, takardun bogi, kuma niyyarmu daga can mu wuce caji ofis.

Barista ba ta yi shekarunmu ba, amma ta fi mu natsuwa ranar. Kafin ta ce komai sai ta sa kowace takarda a cikin leda mai haske, ta roƙe ni kada in ƙara rubuta komai a kansu, ko alamar fensir. Ta tambayi wanda ya karɓi kowacce, hannun wa ta bi kafin ta iso gare ni, wa ke da mabuɗin durowar da ake ajiye su. Sannan ta ɗauki ta mai itace ta ce: "Hajiya, wannan takardar wa ta ce ya rubuta ta?" Na ce mai itace. "Shi ɗin ne ya rubuta?" Na ce shi ne. Ta ce to wannan ba jabu ba ce.

Yaya ya gyara zama. "Barista, ƙarya ce fa tsagwaronta a ciki."

"Ƙarya ce, Alhaji, ban musa ba. Amma doka ta raba takardar da aka rubuta ƙarya a cikinta da takardar da ita kanta ƙarya ce." Sai ta kawo misalin da ya zauna mana, don daga sana'armu ta ɗauko shi. Ta ce idan wani ya gasa burodinsa ya zuba a leda mai sunan gidanmu, ledar tana ƙarya game da asalin abin da ke cikinta. Idan kuwa mu muka rage wa burodinmu nauyi muka sa a ledarmu, mun cuci mai saye, amma burodin namu ne, ledar ma tamu ce. Na farko shi ne jabu, na biyu cuta ce, kuma kowanne da sashensa da hukuncinsa.

A nan ne na fara jin kuɗina sun yi amfani. Ta sauko da littattafai biyu daga kanta. Ɗaya tsohuwar dokar hukunta laifuffuka ce ta Arewa, wato Final Kod, wadda majalisar Jihar Arewa ta zartar a nan Kaduna a 1959 zamanin Sardauna, ta fara aiki a 1960. Ta ce an tsara ta ne bisa dokar Sudan, wadda ita ma ta samo asali daga ta Indiya ta 1860, bayan wani kwamitin masana shari'a da Alƙalin Alƙalan Sudan, Abu Rannat, ya jagoranta a 1958. Ɗayan littafin dokar Final Kod ce ta Jihar Kaduna ta 2017, wadda ita ce ke aiki a jihar yanzu, kuma da ita ake gurfanar da mutum. An sake lambobin sassan a sabuwar, amma ta ce da lambobin tsohuwar za ta yi mana bayani, don su ne tsofaffin hukunce-hukuncen kotuna ke ambata, kuma har yau da ita ake aiki a Abuja.

Sashe na 362 na tsohuwar dokar ya lissafa hanyoyi uku da takarda ke zama ta ƙarya, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana fassara mana da Hausa. Hanya ta farko: mutum, da niyyar zamba ko rashin gaskiya, ya rubuta takarda, ko ya sa mata hannu, ko ya buga mata hatimi, don a ɗauka cewa wani ne ya yi ta ko da izininsa aka yi, alhali ya san ba haka ba ne, ko don a ɗauka an yi ta a wani lokaci da ba shi ne aka yi ta ba. Wannan ƙarshen ya ba ni mamaki, don ashe mayar da kwanan wata baya a rasit da nufin cuta yana iya shiga ciki, abin da na san ana yi a kasuwa kamar ba komai ba. Wasiƙar sukari ta faɗa ƙarƙashin wannan hanya ta farko. Hanya ta biyu: a canza wani muhimmin ɓangare na takarda bayan an gama ta, ba tare da izini ba, ko ta hanyar gogewa ko ƙari ko sokewa. A takardar neman biya, in ji ta, adadin kaya da jimillar kuɗi da sunan wanda za a biya da lambar asusu duk muhimman ɓangarori ne. Sifilin da ya koma takwas ke nan. Kuma ba sai an ƙirƙiri takarda sukutum ba, ɓangare ɗaya ya isa. Hanya ta uku ita ce a sa mutum ya sa hannu a takardar da bai san abin da ke cikinta ba saboda an yaudare shi, ko don hankalinsa ba ya jikinsa. Ta dubi Yaya ta tambaye shi ko yana karanta duk baucar da ake miƙo masa a bakin tanda. Idan aka ce masa ta gyaran janareto ce ya sa hannu, ashe ta biyan wani ce daban, sa hannun nasa ne na gaske amma takardar ta ƙarya ce a idon doka.

Sashe na 363 kuma shi ne ya ce yin irin wannan takarda ya zama laifin jabu idan an yi shi da niyyar cutar da wani ko jama'a, ko don a kafa hujjar neman wani haƙƙi, ko don a sa wani ya rabu da dukiyarsa, ko ya shiga wata yarjejeniya, ko dai don a yi zamba. Na tsaya a kan wannan sosai, don ni a tunanina tunda ban tura kuɗin sukari ba, babu abin da zan kai ƙara a kai. Ta ce a'a. Niyya doka ta ambata, ba ta ce sai kuɗi sun fita ba. Ranar da aka zauna aka haɗa wasiƙar aka manna mata hatimin wani don in biya, ranar laifin ya cika. Tsohuwar dokar a sashe na 364 ta yanke ɗaurin da zai iya kai shekara 14, ko tara, ko duka biyun. Cuta irin ta mai itace tana sashe na 320, kuma hukuncinta bai kai wannan ba.

Na zaci daga nan za ta ce mu tafi a kama akawu. Ba ta ce ba, kuma wannan ne ya fi ƙara mata daraja a idona. Ta ce nuna cewa an gyara takardar fulawa abu ne mai sauƙi: dila yana da kwafin kabon a littafinsa, muna da littafin sito, direban da ya kawo kaya yana nan da ransa. Wahalar tana wajen nuna hannun da ya riƙe biron. Takardar ta bi ta hannun direba, da mai sito, da akawu. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma a kotu zato ba ya ɗaure kowa. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 135, ta ce laifi sai an tabbatar da shi ba tare da sauran kokwanto mai ma'ana ba, kuma haka ma'aunin yake ko da a shari'ar neman haƙƙi ce aka jefa wa wani zargin jabu. Alƙali yana da ikon kwatanta rubutu da sa hannu da kansa, ana kuma iya kiran ƙwararren mai binciken rubutu, amma ɗamarar sifili ɗaya ba ta ba ƙwararre abin kamawa da yawa. Sai ta tambaye ni inda kuɗin buhu takwas ɗin suka tafi. Na ce ranar tsabar kuɗi aka ba akawu ya kai wa dila. Ta ce to ga hanya: idan dila ya shaida kuɗin 40 aka kawo masa, wanda aka damƙa wa amanar kuɗin 48 shi zai yi bayanin sauran, kuma wannan zamba cikin aminci ce, laifi ne mai zaman kansa, wanda doka ta ƙara wa nauyi idan akawu ko ma'aikaci ne ya ci amanar ubangidansa. Sannan akwai sashe na 366, wanda ya ce duk wanda ya gabatar da takardar jabu a matsayin ta gaske da niyyar zamba, yana sane ko yana da dalilin sanin jabu ce, hukuncinsa ɗaya da wanda ya yi ta. Ke nan ko ba a gano mai biro ba, wanda ya miƙo min ita yana sane bai tsira ba.

Kan wasiƙar WhatsApp ta yi gargaɗin da ban taɓa ji ba. Kada in goge hirar, kada in sayar da wayar ko in canza ta, don hoton da aka buga a takarda kaɗai ba ya wadatarwa. Sashe na 84 na Dokar Shaida yana da sharuɗɗan da ake cikawa kafin kotu ta karɓi abin da ya fito daga waya ko kwamfuta. Lambar asusun da ke wasiƙar ita ce babbar hujja, tunda kowane asusu yana da mai shi, amma banki ba zai ba ni bayanansa don na tambaya ba, sai ta hanyar masu bincike ko umarnin kotu. Ta kuma ce bai kamata mu yanke cewa akawu ne ya haɗa ta ba, don yana yiwuwa shi ma turo masa aka yi. Tambayar da za a yi masa ita ce daga wace lamba ta zo masa.

Yaya ya yi mata tambaya a kan hukumar EFCC, don suna da ofishi a Kaduna. Ta ce akwai dokokin tarayya da suka fi tsanani. Dokar Laifuffuka Daban-daban ta 1984 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 21 ba zaɓin tara ga mai yin jabun cek da makamantansa, dokar damfara ta 2006 ta sa shekara 7 zuwa 20 ga wanda ya karɓi dukiya ta hanyar ƙarya, dokar laifukan intanet ta 2015 kuma tana da sashe kan jabun da aka yi da kwamfuta. A Kudu Kiriminal Kod ake bi, inda jabu gama-gari shekara 3 ne, hukuncin kuma ya ƙaru idan takardar ta kuɗi ce. Amma ta faɗa mana gaskiya cewa maganar buhu takwas ta 'yan sanda ce da kotun majistare, kada mu ɓata lokaci. Da ya tambaye ta cek, ta ce idan aka kwaikwayi sa hannun mutum a cek, asalin doka shi ne wannan sa hannun bai da wani ƙarfi, banki ba shi da hurumin cire kuɗi a kansa. Tiransifa da mutum ya yi da yatsansa saboda an yaudare shi da wasiƙa kuwa daban ce, don banki umarninsa ya bi. Da na tura kuɗin sukarin nan, da wanda ya yaudare ni kaɗai zan bi.

Game da mai itace, shawararta ita ce a kira shi a zauna. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓanin ciniki kawai, kuma in ya ce kuskuren lissafi ne ko mai gadi ne bai ƙirga daidai ba, nuna niyyar cuta zai yi wuya a kan lodi uku. Ta kuma ja kunnen Yaya, wanda ya riga ya ce zai sa hoton yaron, wato akawunmu, a Facebook, cewa ɓata suna ma laifi ne a Final Kod, mai ƙara na iya wayar gari shi ake ƙara. Ta ce mu yi tunani kafin mu shigar da koke, don da zarar an gurfanar da mutum shari'ar ta zama ta hukuma, ba kullum mai koke ke iya janye ta ranar da iyayen yaro suka zo da dattawan unguwa ba. Wannan maganar ta taɓa ni. Yaron a gabanmu ya girma, mahaifiyarsa tana zuwa gidanmu suna da biki. Ba ta matsa mana kowane ɓangare ba, ta dai shimfiɗa mana abin da ke gaba.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma zan faɗa. Mun yi jira mai tsawo bayan lokacin da aka ba mu, don tana babbar kotu a titin Bida, kuma ba wanda ya kira ya sanar da mu. Duk mai zuwa ya nemi lokacin yamma, safiyar lauya ta kotu ce. Ofishin yana hawa na biyu, matakalar tana da tsayi, Yaya mai ciwon gwiwa ya sha wuya, wurin ajiye mota kuma babu, sai bakin titi. Kuɗin rubuta koke daban ne da na ganawa, naira 50,000, kuma sai a ƙarshe muka ji. Ya kamata sakatare ya faɗi wannan tun a waya. Abin da ya fi damuna shi ne rubutacciyar shawarar da ta aiko mana da Turanci ce zalla, cike da lambobin sassa, bayan duk bayanin baki da Hausa mai daɗi ta yi shi. Yaya bai iya amfana da ita ba. Da na yi ƙorafi ta turo saƙon murya ta bi takardar sakin layi bayan sakin layi, na gode mata, amma a garin da yawancin masu shiga ofishinta Hausa suke ji, shafi ɗaya na taƙaitawa da Hausa bai kamata ya zama sai an roƙa ba.

Ta ba mu rasit na kowane kuɗi da muka biya ba tare da mun tambaya ba. Ba ta yi mana alkawarin za mu ci shari'a ba, ba ta ce ta san wani a caji ofis ba, kuma ta ce kada mu ba kowa ko sisi da sunan kuɗin bincike ba tare da mun kira ta ba. Kafin mu fito ta ba ni wasu 'yan gyare-gyare da na riga na fara aiki da su: kowane dila ya rubuta adadi da lamba da kuma kalmomi, a ja layi a duk gurbin da ya rage, wanda ya karɓi kaya kada ya zama shi ne mai kai kuɗi, a daina biyan dila da tsabar kuɗi, kuma duk saƙon canjin asusu a tabbatar da shi ta tsohuwar lambar wayar da aka sani, ba ta lambar da ke jikin wasiƙar ba. Ta tuna mana cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take.

Mai shago ko ma'ajin ƙungiya ko na makaranta da ya ci karo da takardar da bai yarda da ita ba, ina ba shi shawarar irin wannan ganawa kafin ya taka caji ofis, kuma ya je da asalin takardun, ba kwafi ba, da littafin sito, da bayanan asusunsa na banki, da wayar da saƙon ya shigo. Wanda ba shi da halin biya kuma shi ake tuhuma, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya da aka kafa a 1976, tana da ofishi a Kaduna.

Mai itace ya zo, Yaya ya zaunar da shi da mai gadi, ya amince zai cika lodi ukun, ya kuma cika. Koken wasiƙar sukari mun shigar, mai kamfanin ya ba da samfurin hatiminsa na gaske da wasiƙunsa na baya don a kwatanta. Na fulawa yana nan a rubuce a ofishinta ba mu sa hannu ba tukuna, don kawun yaron ya nemi a ba shi zuwa ƙarshen wata, kuma Barista ta ce duk abin da za a yi a zaman a rubuta shi a gaban shaidu biyu, ita ma za ta halarta.